BABI NA UKU: SANYA AJASTA A ƘAFAR GABA TA MOTAR VOLKSWAGEN BEETLE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ake sanya wa ƙafar gaba ta motar Volkswagen Beetle wani ƙarfe da makanikai suke kira ajasta, wanda da shi ne ake ɗaga gaban mota ko a sauke shi gwargwadon bukata. Da farko za a dubi yadda ƙafar take a ƙere tun daga kamfani, domin ba za a fahimci aikin ajasta ba sai an san abin da take riƙewa. Daga nan sai a kawo dalilan da suke sa a taɓa tsayin mota, da ire-iren ajasta, da matakan da ake bi wajen sanya ta, sannan a rufe da abubuwan da kan biyo bayan aikin. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ajasta ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ta kuma rage masa. Wurin da aka ɗaure shi kawai take juyawa, kuma ɗan kuskuren da aka yi a wannan wuri yakan ninka kafin ya isa ga taya.

3.1 Tsarin Ƙafar Gaba

Ferdinand Porsche ne ya jagoranci zana wannan mota a ƙasar Jamus, kuma tun a shekarar 1931 kamfaninsa ya yi rajistar fasahar sifirin mai aiki ta hanyar murɗewa. An ci gaba da ƙera motar har zuwa ranar 30 ga Yuli, 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. A Nijeriya ma an fara harhaɗa ta a Legas a shekarar 1975, shi ya sa tsofaffin makanikai da yawa suka san cikinta da bayanta.

Ƙafar gaban motar ta dogara ne a kan wani ƙarfe da ake kira bim. Shi bim bututu ne guda biyu da aka gicciya a gaban mota, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, aka haɗe su dama da hagu da ƙarafa biyu na tsaye, waɗanda a samansu ake ɗaure shokozoba. A cikin kowane bututu akwai dogayen fallayen ƙarfe da aka jera, wani a kan wani, sun ratsa daga wannan baki zuwa wancan. Waɗannan fallaye su ne sifirin ɗin motar. A motocin da aka ƙera daga samfurin 1966 falle goma ne a kowane bututu.

A daidai tsakiyar bututun akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai rami, wanda fallayen suke bi ta cikinsa. Kamfani ya danne jikin bututun a kan dunƙulen don kada ya juya, sannan aka sa wani sukuru ta gaba, ya ratsa bututun ya shiga wani ɗan gurbi da ke jikin fallayen, aka kulle shi da noti. A bakin kowane bututu kuwa akwai hannu na ƙarfe da ya kama ƙarshen fallayen, ya miƙa baya, ya ɗan sunkuya ƙasa. Hannaye huɗu ke nan, biyu a dama biyu a hagu, kuma su ne suke riƙe da ƙarfen da taya take juyawa a kansa.

Idan taya ta hau dutse sai ta tura hannayen sama. Tunda tsakiyar fallayen a ɗaure take, sai su murɗe kamar yadda ake murɗe wanki wajen matsewa, in an wuce dutsen kuma su warware, su mayar da taya mazauninta. Wato dai tsayin gaban motar ya ta'allaƙa ne a kan kusurwar da aka ɗaure tsakiyar fallayen.

Bim iri biyu ne. Na farko shi ne mai kinfin, wanda aka yi amfani da shi har zuwa samfurin 1965. Na biyu shi ne mai boljoyin, wanda ya maye gurbinsa daga samfurin 1966. Kowanne da irin ajastarsa, domin ramin da fallaye suke bi a dunƙulen tsakiya ba ɗaya ba ne. Ya kamata kuma a lura cewa samfurin 1302 da ya fito a 1970, da na 1303 da ya biyo shi a 1972, ba su da bim sam, naɗaɗɗen sifirin gare su. Saboda haka bayanin wannan babi bai shafe su ba.

3.2 Dalilan Sauke Mota ko Ɗaga Ta

Al'adar taɓa tsayin wannan mota ta fi ƙarfi ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasa masu sha'awar tseren gajeren zango suka riƙa sauke gaban motocinsu, don rage iskar da take shiga ƙarƙashi ta nemi ɗaga gaban idan an yi gudu. Daga baya abin ya zama ado, har mujallar Hot VWs ta yayata salon a shekarar 1975. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu shiga rairayi da duwatsu, waɗanda bukatarsu ita ce su ɗaga mota. Bruce Meyers ya ƙera motarsa ta rairayi mai suna Meyers Manx a 1964, ya riƙa ɗora ta a kan kayan Beetle, kuma irinta ce ta ci tseren farko na zirin Baja da ke Meziko a 1967.

Kafin ajasta ta yaɗu, hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce a zare wasu daga cikin fallayen. Lalle mota takan sauka, amma sifirin ya yi rauni ke nan, sai gaban ya riƙa dukan ƙasa a kowane rami. Ta biyu ita ce a yanke tsakiyar bututun, a ɗan juya ta, a sake yi mata walda. Wannan ta fi ta farko, domin ƙarfin sifirin yana nan, sai dai inda aka tsaya nan aka tsaya. In tsayin bai yi daidai ba, dole a sake kwance bim a sake yanka. Ajasta ta zo ne ta warware wannan matsala, ta yadda da sifana kaɗai za a iya sauya tsayi ba tare da an koma wurin mai walda ba.

3.3 Yadda Ajasta Take Aiki

Aikin ajasta shi ne ta 'yanta dunƙulen tsakiya ya iya juyawa a cikin bututu, sannan ta samar da hanyar kulle shi a duk inda ake so. Maimakon ɗan ramin da sukuru yake shiga, sai a sami tsaga doguwa da ta bi zagayen bututun, wadda sukurun zai iya hawa ko sauka a cikinta. Da yake sukurun yana gaba ne, hannaye kuma suna baya, tafiyarsu kamar ta sikeli ce. In sukuru ya yi ƙasa, hannaye sun yi sama, taya ta shige cikin rumfarta, mota ta sauka. In sukuru ya yi sama, hannaye sun yi ƙasa, mota ta ɗaga.

A nan akwai ɗan lissafi da ya wajaba a kiyaye. Kaurin bututun, daga wannan gefe zuwa wancan, kimanin santimita 5 ne, wato daga cibiyarsa zuwa bayansa santimita 2.5. A ƙaddara tsawon hannu santimita 15 ne. Idan aka juya dunƙulen da digiri 10, sukurun zai gusa ne da kimanin milimita 4 kacal a jikin bututu, amma ƙarshen hannu zai gusa da kimanin santimita 2.6. Ashe ke nan duk milimita ɗaya a tsakiya, kusan milimita shida ce a wajen taya. Wannan shi ne dalilin da ya sa gajeruwar tsaga take bayar da canji mai yawa, shi ne kuma dalilin da ya sa kuskuren da ido ba ya gani a wajen walda yake fitowa fili idan an sauke mota ƙasa.

3.4 Ire-iren Ajasta

Ajasta iri biyu aka fi sani. Ta farko ita ce mai haƙora, wadda ake kira Avis, akwai kuma mai kama da ita da ake dangantawa da motar Puma ta ƙasar Barazil. Ita wannan faranti biyu ne lanƙwasassu masu haƙora. Ɗaya ana liƙa shi da walda a jikin bututu, ɗayan kuma yana tafiya tare da sukuru. In aka ɗaure noti sai haƙoran su cije juna. Amfaninta shi ne ba ta cin wuri, kuma ana iya ƙirga haƙora a tabbatar da ta sama da ta ƙasa sun yi daidai. Aibinta kuwa, tsayin yana tafiya ne haƙori-haƙori, babu tsaka-tsaki.

Ta biyu ita ce mai sukurun turi, wadda aka fi sani da sunan kamfanin Sway-A-Way na Amurka. Tana zuwa ne da guntun bututunta, da dunƙulenta, da wani ƙarin sukuru da yake tokare da sukurun tsakiya. Juya shi yana tura dunƙulen sannu a hankali, don haka ana samun tsayin da ake so daidai. Sai dai ta fi mai haƙora girma, kuma dole a yanke tsakiyar bututun gaba ɗaya kafin a sa ta.

Kowace iri aka zaɓa, guda biyu ake sawa, ɗaya a bututun sama ɗaya a na ƙasa. In aka sa a bututu ɗaya kawai, fallayen sama da na ƙasa za su riƙa ja-in-ja da juna, ɗaya ya ɗauki nauyin da ya kamata biyu su raba, mota ta yi tauri.

3.5 Kayan Aiki

Ana bukatar jak da ƙarafan tokare mota guda biyu, da sifanoni, musamman mai lamba 19 ta notin kulli, da makullin alan mai lamba 8 na sukurun. Haka kuma ana bukatar abin cire tayarod, da zarto ko injin yankan ƙarfe, da injin huda, da magagari, da injin walda. Sai kuma miƙaƙƙen ƙarfe mai kusurwa da abin matse shi, da tef na awo, da ƙusa mai tsini ta jan layi, da kananzir na wanki, da giris.

3.6 Matakan Aiki

3.6.1 Awon Farko da Kwance Bim

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, sai a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga ƙasa zuwa bakin rumfar kowace taya, a rubuta. Da wannan awo ne za a gane yawan canjin da aka samu daga baya, da shi ne kuma za a gane ko dama can motar a karkace take.

Daga nan sai a cire kan batir, wanda yake ƙarƙashin kujerar baya, a ɗaga gaban mota a tokare ta, a cire tayoyi. Tankin mai yana gaba ne, a saman bim, don haka dole a zuƙe man a fitar da tankin, a kai shi nesa da inda za a yi walda. Sai a raba sandar sitiyari da akwatinsa, a cire tayarod, da wayar ma'aunin gudu da take shiga ta ƙafar hagu, da robobin man birki, da shokozoba, da sandar da take haɗe da hannayen ƙasa mai hana mota tangaɗi. Manyan notuna huɗu ne suke riƙe da bim a jikin shasi, wasu biyu kuma suna haɗa shi da bodi ta sama. In an kwance su sai a sauko da shi a kan jak, domin yana da nauyi.

A kan tebur sai a kwance sukurun kowane hannu a zare hannayen, a kwance na tsakiya a zaro fallayen. A ɗaure fallayen kowane bututu daban, a yi musu alamar sama da ƙasa, da dama da hagu. Ƙarfen da ya shekara da shekaru yana murɗewa ta fuska ɗaya ya saba da ita, ba a so a juya masa. Sannan a wanke cikin bututun sarai, domin tsohon giris yana kamawa da wuta.

A wannan gaɓa ne ake duba lafiyar bim ɗin kansa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin kowane bututu a ga ko ya lanƙwashe, a kuma ƙwanƙwasa gindin ƙarafan tsaye, inda ruwa da laka suke taruwa su haifar da tsatsa. Bim ɗin da ya taɓa yin karo ko tsatsa ta ci shi, ba a ɓata ajasta a kansa, sauya shi ake yi.

3.6.2 Jan Layi da Zaɓen Kusurwa

Hausawa kan ce tun ran gini ran zane. Wannan mataki shi ne zuciyar aikin baki ɗaya. Sai a ja layi miƙaƙƙe a tsawon kowane bututu, ya bi ta tsakiyar ramin sukuru na asali, ya zarce dama da hagu har ya wuce inda za a yanka. Da zarar an yanke tsakiya ramin asali ya tafi, wannan layi ne kaɗai shaidar da ta rage ta inda kamfani ya ɗaure fallayen. Haka kuma a auna daga bakin bututu zuwa tsakiyar ramin ta ɓangarorin biyu, domin dole sabon sukurun ya faɗa daidai gurbin da ke jikin fallayen.

Bayan haka sai a yanke shawarar inda tsagar ajasta za ta zauna. In layin ya yi daidai da saman tsagar, duk tafiyar ajasta ta saukewa ce, kuma ƙarshen ɗagawarta shi ne tsayin asali. In ya yi daidai da ƙasan tsagar, duk tafiyar ta ɗagawa ce. In kuwa ya bi ta tsakiya, an raba biyu ke nan. Mai motar ne zai faɗi bukatarsa tun kafin a kunna injin walda. Abin da ba a sassautawa shi ne, duk kusurwar da aka ba ta sama ita za a ba ta ƙasa.

3.6.3 Yanka da Walda

Ƙa'ida ta farko ita ce, ba a yanka bututu biyu a lokaci ɗaya. Sai an gama da ɗaya sarai kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a yanka ba shi ne yake riƙe da bim a kan saitinsa.

Idan mai sukurun turi ce, sai a auna faɗin guntun bututunta, a raba shi biyu daga tsakiya, a yanke daidai wannan faɗi daga bim, tare da la'akari da abin da bakin zarto yake ci. A goge bakunan da magagari, a ɗan fiƙe su don walda ta shiga ciki sosai. Sai a zura ajastar, a kwantar da ƙarfe mai kusurwa a jikin bututun a matse, don guntayen uku su zama a miƙe.

Idan kuwa mai haƙora ce, sau da yawa ba a yanke bututun. Ana huda wuraren da kamfani ya danne ne har dunƙulen ya saki, a tsawaita ramin sukuru ya zama tsaga daidai da ta farantin, sannan a liƙa farantin a kai. A tabbata dunƙulen yana juyawa daga farkon tsaga zuwa ƙarshenta ba tare da cijewa ba, a kuma fitar da duk garin ƙarfen da ya zuba ciki, don kada ya shiga boris.

Ko wace iri ce, ana fara ɗiga walda ne a wurare uku ko huɗu. Daga nan sai a dakata, a zura fallayen, a sa hannayen, a kai ajastocin biyu ƙarshe ɗaya, a duba. Dole hannun sama da na ƙasa su tafi a jere, na dama da na hagu kuma su yi daidai. In an ga bambanci, ɗigon walda yana da sauƙin fasawa. In komai ya yi, sai a zare fallayen a cika waldar kaɗan-kaɗan, ana yi ana sauya gefe, ana barin ƙarfe ya huce. Zafi mai yawa a gefe ɗaya yana janye bututu ya lanƙwashe, yana kuma iya ƙona bush ɗin da ke ciki, wanda hannu yake juyawa a kansa. Ba a zuba wa walda ruwa don ta yi saurin hucewa. Ya kamata a tuna cewa nauyin gaban mota duka a kan wannan walda zai rataya, saboda haka aiki ne na ƙwararren mai walda.

3.6.4 Mayarwa da Saiti

Bayan an shafa fenti don tsare tsatsa, sai a shafe fallayen da giris, a ɗaure bakinsu don kada su tarwatse, a zura su ta cikin dunƙulen har gurbinsu ya zo daidai ramin sukuru. A ɗaure sukurun tsakiya, a mayar da hannaye, kowane sukuru ya shiga gurbinsa kafin a kulle shi da noti. Sai a mayar da bim jikin mota, a haɗa duk abin da aka kwance, a fitar da iskar birki, a ɗura giris ta kawunan giris huɗu da ke jikin bututun.

Ba a juya ajasta alhali nauyin mota yana kan tayoyi. A ɗaga gaban har tayoyi su bar ƙasa, a sassauta ajastocin biyu, a kai su matsayi ɗaya, a kulle. Sannan a sauke mota, a ɗan tura ta gaba da baya, a danna gaban sau biyu ko uku don ƙafar ta zauna, a sake awo a gwada da na farko. Bayan an yi 'yar tafiya da ita, a sake bin notunan kulli da sifana.

3.7 Abubuwan da Kan Biyo Baya

Sauya tsayin mota yana taɓa wasu abubuwa da dama, kuma rashin kula da su shi ne yake sa a ce ajasta ta ɓata mota.

Na farko shi ne kasta, wato ɗan kwantawar da layin juyawar taya yake yi zuwa baya, irin wanda ake gani a ƙahon keke. Ita ce take sa mota ta miƙe a kan hanya, sitiyari kuma ya dawo da kansa bayan kwana. A bim mai boljoyin kimanin digiri 3 ne kawai. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce. Idan aka sauke gaba da santimita 5 ba a taɓa baya ba, motar ta sunkuya da kimanin digiri 1.2, in santimita 10 ne kuwa digiri 2.4, kuma duk daga kasta ake cire su. Sakamakon haka shi ne mota ta riƙa yawo a kan titi idan an yi gudu, musamman da yake injinta a baya yake, gabanta ba nauyi. Maganin wannan shi ne a sa wasu lanƙwasassun faranti tsakanin bututun ƙasa da shasi, su turo shi gaba, tare da sauya notunan ƙasa da waɗanda suka fi tsawo.

Na biyu shi ne saitin bakin tayoyi. Tayoyin gaba sukan ɗan haɗa baki da 'yan milimitoci. Da yake tayarod ba ta tafiya daidai da hannaye, duk canjin tsayi yana ɓata wannan saiti, kuma in ba a gyara ba taya takan cinye ta gefe ɗaya cikin ɗan lokaci. Don haka duk ranar da aka juya ajasta sai an sake saitin ƙafa.

Na uku shi ne ragowar tafiyar ƙafa. Tazarar da hannu zai iya yi sama ƙayyadaddiya ce, abin da aka ci wajen saukewa kuwa an rage shi daga abin da mota za ta samu a rami. Boljoyin na asali yana da iyakar da yake lanƙwasawa. In aka wuce ta sai ya cije, in ya ci gaba da cijewa yana iya tsinkewa, taya ta kwanta ana cikin tafiya. Shi ya sa ake ƙera boljoyin na musamman mai doguwar tafiya don motocin da aka sauke sosai. Haka shokozoba, in ta yi tsawo sai ta riƙa ƙurewa, dole a sa gajeruwa. A motar da aka ɗaga kuwa matsalar takan juya, ƙafa ta rasa inda za ta sauka, ta riƙa bugawa idan taya ta faɗa rami.

Na huɗu, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a ga ko taya tana gugar rumfarta ko kwanon fitila, a duba robobin birki kada su ja ko su naɗe, a kuma sake saita fitilun gaba, domin sunkuyawar mota tana sa haskensu ya faɗi kusa.

Saboda waɗannan dalilai ne masu son saukewa da yawa suke haɗa ajasta da wani ƙarfen riƙe taya na musamman, wanda aka ɗaga mazaunin tayarsa da kimanin inci biyu da rabi. Shi yana sauke mota ba tare da ya ci tafiyar hannaye ba, sai a bar wa ajasta ɗan gyaran da ya rage. A wasu ƙasashe kuma, kamar Jamus, irin wannan canji sai masu binciken lafiyar motoci sun duba sun amince kafin a hau titi da motar.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda fallayen da ke cikin bim suke ɗauke da gaban motar Beetle, da yadda tsayinta ya dogara a kan kusurwar dunƙulen tsakiya. An nuna cewa ajasta, mai haƙora ce ko mai sukurun turi, wannan kusurwa kaɗai take sauyawa, kuma milimita ɗaya a jikin bututu tana zama kusan shida a wajen taya. An kuma bi matakan aikin tun daga awon farko, da jan layi, da yankan bututu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa saiti. Daga ƙarshe an bayyana cewa aikin bai kammala ba sai an mayar da kasta, an gyara bakin tayoyi, an kuma tabbatar boljoyin da shokozoba suna da sauran tafiya. Motar da aka yi wa haka ita ce za ta sami tsayin da mai ita yake so, ta kuma ci gaba da bin sitiyari kamar yadda aka ƙera ta.